Yaya Bukar da Gwajin Kankana

Ku da kuka san Yaya Bukar kun san ba ya karɓar abu sai ya ƙwanƙwasa shi. Tukunya, ƙofa, buhun bandar kifin da yake sarowa daga Baturiya, har goshin jikokinsa. Ya kara kunne, ya tsuke baki, ya ce, "Wa ya gwada?" Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, amma wallahi ko ruwa na miƙa masa sai ya leƙa moɗar.

Shekarar da na yi niyyar shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jikoki har biyu, shi ne zai riƙa kai ni Haɗeja a babur ɗinsa, tunda hanyarsa ce ta kasuwa. Saura kwana uku a rufe rubuta suna, mutumin nan ya kafe: ba zan hau ba sai da hular kwano irin tasa.

"Yaya, duk ƙauyen nan wace mace ka gani da kwano a ka?"

"Su da kansu. Naki kuwa, Hajara, kin ce karatu za ki zuba a ciki."

Ya auna kaina da igiya, ya shiga gona ya tsinko kankana uku daidai awon. Ni ma ban yarda da shi ba, na bi shi a motar kasuwa.

Mai shagon farko ya miƙo wata hula ja mai ƙyalli, ga arha. "Alhaji, dubi tambari. A waje aka gwada ta."

"Wa ya gwada? Kana wurin?"

Ya matsa gefenta, ta lotsa. Ya leƙa ciki, ba soso, sai ƙyalle. Kafin mutumin ya ankara ya cusa kankana, ya ɗaure igiyar haɓa, ya hau benci, ya saki. Fash! Ja-ja-wur a ƙasa.

"Ka kashe min kaya!"

"Kayanka lafiya lau, duba. Hajara ce ta mutu." Ya tsugunna ya tsinci ɓari yana sha, wai kada a yi asara.

Washegari muka je wurin mai gwanjo. Na ce to, yau marowacin nan zai saya. Ya shinshina hular da aka miƙo masa, ya bi ta da farce har ya tsaya a kan wata 'yar tsaga.

"Ina mai ita?"

"Ya sayar."

"Shi ya sayar, ko magada?"

Ko kankanar bai ɓata a kanta ba.

Rana ta uku na tare shi a bakin kasuwa. Na ce, "Yaya, in aka rufe rajistar nan yau, na rantse a zaurenka zan tare, kai za ka koya mini, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa!"

Sai ga shi a shagon da ya kwana biyu yana kewayewa saboda tsada. Hula ce mai nauyi, soso mai kauri, ta rufe har haɓa. Ya kifa mini, ya girgiza kaina kamar mai zaɓen kabewa, ba ta motsa ba. Aka sa kankana, aka hau benci, aka saki. Ya ciro ta, ya ƙwanƙwasa. Lafiya ƙalau!

Mai shago ya washe baki. Yaya ya ce, "Madalla. Ba ni 'yar'uwarta. Wannan ta riga ta sha ƙasa, ƙarfinta ya tafi."

Jama'a, ranar na ga tashin hankali! Kasuwa ta taru a kanmu. Ƙarshe mutumin da yake ɗinke silifa sau huɗu ya sayi hula biyu. Wadda ta faɗin ya kai wa kajinsa, suka yi shekaru suna ƙwai a ciki.

Mun isa makaranta malama tana tattara takardu. Na kasa kwance igiyar, haka na ba da sunana daga cikin kwano, mata suna ta tuntsira dariya.

Da damina ta biyu, a hanyar fadama, saniya ta yanko mana. Laka ta kwashe tayar, kaina ya daki kututture. Hular ta dare. Yaya ya rarrafo, gwiwarsa na jini, bai ce sannu ba. Ya cire mini ita, ya ƙwanƙwasa goshina, ya kara kunne.

"Wannan dai," in ji shi, "an gwada."

Bara ya rasu, a kan tabarmarsa, bayan gajeriyar jinya. Wannan rubutun da hannuna na yi shi, ba wanda ya kama mini alƙalami, kuma daga cikin kan da ya tsare ya fito.

Ya Allah, Bukar bai yarda da kowa ba sai Kai. Ka sauƙaƙa masa nasa gwajin, Ka haskaka makwancinsa. Amin.