Ƙarar Ɗakin Sualah

Ina kan rufin wani bene a Bur Dubai, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, ina kwance injin AC, sai Faizal ya kira ni. Shi ne mai gangar ƙungiyarmu, kuma ba ya kira a lokacin aiki. Ya ce, "Sati, in kana tsaye, zauna." Na zauna a kan siminti mai zafi. Ya ce Sualah ya yanke jiki ya faɗi a sito da safen nan, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na daɗe ina kallon kwale-kwalen abra suna ta tsallaka ruwa da mutane.

Sualah ɗan Zongon Kumasi ne, ni kuma daga Kagoro na fito. Injin ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito a Dubai Investments Park. A bas ɗin ma'aikata muka haɗu. Ya ji ina waya da Hausa, ya juyo ya kira ni aboki irin na 'yan Gana, ya ce, "Chale, kai ma namu ne?" Da ya ji a coci na koyi kaɗa jitar bes, daga ranar ya laƙaba mini Fasto. Ni kuma na ce masa Liman, don ko muna tsakiyar waƙa aka kira salla, ajiye jita yake yi ya tafi.

Kiɗan rok yake so, mai ƙarfi, wanda jita ke kuka kamar ana yanka ƙarfe. Amma da Hausa yake waƙa, kuma bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. A bas yake tsara su. Ya rufe baki da hula, ya rera a waya, ya turo mana. Waƙar kwantenar da ta ƙi ƙarewa, waƙar biza, waƙar waken gida da yake kewa. Muka zama mu huɗu: shi, ni, Faizal, da Elvis ɗan Jos mai haɗa sauti a kwamfuta. Sualah ya sa wa faifan da muka shirya fitarwa suna An Tashi Aiki.

A ɗakinsa na Al Warsan muka ɗauka, ranakun hutu, in abokan ɗakinsa sun fita. Mu jingina katifu a bango da taga. Dokar Elvis ɗaya ce: a kashe AC, don tsohon injin ɗakin yana wata irin ƙara, gurrr, da take shiga makirfo. A watan Agusta fa. Muna kiɗa gumi na zuba, sandar ganga na sulɓewa daga hannun Faizal.

"Fasto," in ji Sualah, "kai kaɗai ne mai gyaran AC da ake gayyata ya zo ya kashe."

"Liman, yi waƙarka mu fita kafin mu dahu."

Waƙa ta ƙarshe ta 'yarsa ce, Sadia. Tana ciki ya baro gida, sau ɗaya ya taɓa ɗaukarta a hannu, da ya je hutu. Yanzu ta shiga makaranta. Abin da ke cin ransa shi ne yarinyar ba ta gane muryarsa in ba ta ga hotonsa a waya ba. Ya taɓa tura saƙon murya daga sito, ta ce wa uwarta, Hamidatu, "Wane ne wannan?" Ya ba mu labarin yana dariya, amma ni na ga idonsa.

Ranar ɗaukar waƙar, Elvis ya miƙa hannu zai kashe AC, Sualah ya riƙe shi.

"Bar shi."

"Habibi, zai ɓata mana aiki!"

"Duk sanda na kira gida, daga ɗakin nan nake kira. Wannan ƙarar take fara ji kafin ta ji ni. Uwarta ta ce in ta ji gurrr sai ta rugo."

Elvis ya yi gunaguni, ya ce khalas, shi ke nan, faifanka ne. Ranar kaɗai muka yi kiɗa cikin sanyi. Sualah ya sauke sautin jitar lantarki ƙasa-ƙasa, ya yi waƙar kamar mai lallashi.

Bai ga fitowar faifan ba. A nan Dubai aka yi masa sutura. Na tsaya a bayan sahu ana masa salla, ina tawa addu'ar.

Bayan haka Elvis ya zo mini da magana. Ya samu hanyar goge ƙarar tas, don kada masu saurare su ce aikin 'yan koyo ne. Da zuciya ɗaya ya faɗa, so yake abokinmu ya fita kunya. Na ce masa ni na san injin nan, na san ƙararsa, kuma in ya taɓa ta ya cire sunana. Ya rufe kwamfutar.

Muka tura wa Hamidatu waƙar kafin kowa ya ji. Ba mu ce ta gaya wa yarinyar komai ba. Washegari ta aiko saƙon murya tana kuka. Ta ce ta kunna ne kawai tana wanke-wanke. Ko jita ba ta fara ba, Sadia ta saki abin wasanta ta ce, "Ɗakin Baba ne!" Da muryar ta shigo, ba ta tambayi wane ne ba.

Yanzu faifan na yawo a wayoyin ma'aikata. A bas ɗinmu 'yan Nepal da 'yan Uganda suna amshin waƙar kwantena, ba su san me take cewa ba. Duk wanda ya tambaye ni, ina ce masa direban injin ɗaga kaya ne ya yi ta, kuma abokina ne.

Ganinmu na ƙarshe da Sualah a tashar bas ne, ranar Lahadi da rana. Har ya sa ƙafa a mota ya juyo.

"Fasto, AC ɗin ɗakina ya daina sanyi. Yaushe za ka zo?"

"Mako mai zuwa, inshallah. In gyara har ƙarar?"

"Kai! Sanyin kawai ka gyara. Ƙarar ta Sadia ce."