Hayaƙin da ke tashi ranar Juma'a

Shekarun baya, lokacin da takunkumi ya sa kayan gyaran mota suka yi wuya a Gadarif, mahaifina ya rasu ya bar mana tsohuwar boksinsa, wato motar a-kori-kura. Da ita yake kwasar 'yan aiki zuwa gonarmu ta riɗi a Simsim. Ni na gaji sitiyarin, ba don na iya ba, sai don ni kaɗai ne cikin 'ya'yansa ban tafi Khartoum ba.

Kafin kaka motar ta kama hayaƙi, shuɗi kuwa mai kauri. In na shigo kasuwa masu shayi har fifita suke yi suna tsine mini. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ringi ne, sai an sauke inji gaba ɗaya. Ringin kuma babu shi ko na magani, ga riɗi ya kusa nuna, shi kuwa in ka yi jinkirin yanka zubewa yake yi a ƙasa. Yayana ya yanke hukunci: a sayar da ita ga masu farfasa mota, a yi hayar lori. Da mahaifiyata ta ji, ranar ba ta ci abinci ba.

Na kai ta wurin wani tsohon usta, makaniken da ya yi abota da mahaifina tun suna samari. Wallahi bai taɓa sifana ba. Kujera ya ja ya zauna bayan motar, ya ce in tayar.

"Ya waladi, ɗana, yaushe take hayaƙin? Da safe in ka tayar, ko in ka taka wuta?"

Na ce ni dai hayaƙi nake gani.

"In da safe ne ya wuce, robobin sama ne. In sai ka taka, ringi ne. Baƙin mai nawa kake ƙara mata?"

Na ce ban taɓa ƙarawa ba, kullum sandar awo a cike take. Har da ɗan alfahari na faɗa.

Ya dube ni. "Tana ƙona mai, man nata kuma ba ya raguwa. To man wa take ƙonawa?"

Can na tuna cewa abin ya fi tsanani Juma'a da Asabar, kafin Laraba ya lafa. Ya ce, "Subhanallah, mota ta san Juma'a?" Sai ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa. Fuskarsa ta canza.

"Wannan ba ƙaurin inji ba ne, ƙamshin kicin ne. Man riɗi."

Tsoffin motocin nan suna da wata tukunya da iska ke bi kafin ta shiga inji. A gindinta ake zuba mai kaɗan don ya kama ƙura, akwai layin da ba a wucewa. Ya kwance ta, ga ta maƙil da man riɗi har baki, injin yana zuƙa. Ya ce mu je gida.

Ya gaida mahaifiyata, ya nuna mata tukunyar, ya tambaye ta a hankali wa ke zuba man. Ta ce, "Ni ce. Malam duk safiyar Juma'a yakan buɗe nan ya zuba mata mai. Da nake takaba ina ganinta a tsakar gida, babu mai kula da ita. Na ce ba zan bar ta da ƙishi ba." Irin man da take shafa mana a ƙirji in muna tari, shi take ba ta, mai kyau na farkon matsa.

Na buɗe baki zan yi faɗa, usta ya daka mini harara. Ya wanke tukunyar, ya kama yatsanta ta cikin mayafi ya ɗora kan layin. "Hajja, nan yake tsayawa. Ki ci gaba, amma da wannan." Ya miƙa mata gwangwanin baƙin mai. A ƙofar gida na ga yana goge ido da gefen rawaninsa.

Hayaƙi ya ɗauke, muka yanke riɗinmu a kan lokaci, maganar sayarwa ta mutu.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Mutumin da ya shinshina hayaƙi ya gano hannun matar abokinsa a ciki, da matar da ta yi wata da watanni tana cika wa miji aikinsa babu wanda ya sani. Ni da nake tuƙa motar kullum, hayaƙi kawai na gani.

Ta ci gaba da duba tukunyar duk Juma'a har ƙafa ta gaza mata. Juma'ar farko bayan mun binne ta na buɗe, na tarar da man daidai kan layi.