Elof Mai Ɗurin Harsashi

Elof Grahn bai taɓa sayen harsashi a kanti ba, kuma ba rowa ce ta hana shi ba, ko da yake ita ma rowar akwai ta daidai gwargwado. Shi dai a ganinsa harsashin kanti kamar burodin kanti ne, zai yi maka aiki amma ba ka san hannun da ya kwaɓa shi ba. Tun yana saurayi yana aiki a injin yankan katako na garin Sorsele ya koyi ɗuri. Ka tsince kwanson da aka harba, ka wanke shi, ka matse shi ya koma siffarsa, ka sa masa sabuwar ƙwayar wuta a gindi, ka auna albarushi ka zuba, ka ɗora masa kai. Aikin ke nan, babu wani sihiri a ciki. Amma in ka ji Elof yana bayaninsa sai ka rantse shi ya ƙirƙiro bindiga.

A ɗakin ƙasa na gidansa yake wannan aiki, a bakin kogin Vindel. Can yake da teburinsa da ɗan sikelinsa da injin matsi, ga gwangwanayen gahawa jere cike da kwanso, kowanne da irin nasa. Lokacin da matarsa Ingegerd take da rai, in abinci ya nuna ba ta ɓata bakinta wajen kira, sai ta buga daɓen kicin da sandar tsintsiya, shi kuma ya hauro yana gunaguni wai an katse masa awo. Da ta rasu sai ya zama ba mai katse shi. Yakan sauka da hantsi, bai farga ba sai ya ji cikinsa yana kuka, ya hau ya tarar rana ta yi yamma, gidan shiru, murhu ya mutu. Ɗansu ɗaya yana can birnin Göteborg, yakan bugo waya lokacin Kirsimeti, su yi maganar sanyi da tsadar mai har magana ta ƙare musu.

Ƙauyen ma ya bi sahu. An rufe makaranta, an rufe kanti, bas ya koma zuwa jefi-jefi. Abu ɗaya ya rage wanda ke tara mutane, shi ne farautar älg, gwankin nan mai faffaɗan ƙaho, a farkon Satumba. A makon nan 'ya'yan ƙauye da suka watse birane sukan dawo, a ga hayaƙi a gidajen da suka shekara a kulle, a hura wuta a bakin daji, a dafa gahawa a baƙar buta, a gasa tsiran alade, a yi wa juna ƙarya. Elof mako guda yake da mutane a shekara. Sauran makonnin duka shirin wannan makon yake yi.

Da can ma ba haka abin yake ba. Da Agusta ta kama za ka ga maharba suna sauka ɗakin ƙasan nan da jakunkunan kwanso, ya ɗura musu, su zauna a kan akwatuna suna shan gahawa suna gardama a kan karnuka. Yaran yanzu kuwa a waya suke sayen komai, a kawo musu har ƙofa. Ba su yi masa laifi ba, sun daina zuwa ne kawai, kuma wannan ya fi laifin ciwo.

Ƙungiyar farautar tana da doka: kowace shekara kafin a shiga daji, kowa sai ya je filin harbi ya gwada hannunsa a kan gwankin katako da ke gudu bisa layin dogo. Wanda ya kasa ba shi da mazauni a daji, sai dai ya tsaya a rumfar fiɗa. Elof da bakinsa ya kawo wannan doka shekaru da yawa da suka wuce, bayan wani ya ji wa wata macen gwanki rauni ta gudu da jini aka kasa samunta. Shi kuwa bai taɓa jin tsoron dokar ba. Da saitin ƙarfe yake harbi, ɗan tsinin bakin bindiga da tsagar baya, kamar yadda ubansa ya yi. Masu ɗaura madubin hangen nesa a bindiga kuwa ba su sha da daɗi a bakinsa ba, yakan tambaye su ko taurari za su leƙa.

Bana ya kasa. Gwankin katako ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo, harsashi ɗaya ne ya taɓa shi, shi ma a gindi. Östen Brännström, mai bin kare a ƙungiyar, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce ai gwankin ya gode, an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Aka yi dariya, Elof ma ya yi. Ya ce sabon gwangwanin albarushi ya buɗe, kuma 'yan kamfani sun lalace, ba sa haɗa shi kamar da. Majvor Lidén, shugabar farauta, 'yar marigayi amininsa ce, a gabansa ta yi rarrafe. Ta ce ba komai, akwai sauran lokaci, ya gyara ya dawo.

Mai ɗurin harsashi yana da wata masifa da sauran maharba ba su da ita. Wanda ya sayi nasa a kanti in ya kuskure, abin zarginsa kaɗan ne, nan da nan zai iso kan kansa. Mai ɗuri kuwa yana da abin zargi har ya mutu bai ƙare ba. Elof ya rage albarushi, ya ƙara albarushi. Ya canza kan harsashi, ya tura shi ciki kaɗan, ya jawo shi waje kaɗan. Ya zargi kwanso, ya zargi sikeli, ya zargi damshin ɗakin. Ya kwance bindigar ya ɗaure. Fitilun ɗakin ma ya ƙara su, yana tsine wa ƙwan lantarkin zamani da ba shi da haske. Duk bazarar nan, lokacin da rana ba ta faɗuwa a ƙasarsu, shi yana ƙarƙashin ƙasa.

Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya hau bas zuwa garin Lycksele, inda ba wanda ya san shi, ya sayo madubi mai tsada, ya shigo da shi gida a cikin jakar cefane. Ya ɗaura shi da kyau, ya kai filin harbi da sassafe shi kaɗai. Da ya leƙa sai ya ga duniya ta matso, ga ganyaye, ga ƙusoshin allo a gefe-gefe tar. Amma a tsakiya, daidai inda layukan saiti suka gicciye, akwai wani tabo toka-toka kamar an dangwala yatsa mai maiƙo. Ya goge gilashin gaba, ya goge na baya, tabon yana nan. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya don an ga tsoho. Ya buga wa Majvor waya ta zo ta gani da idonta, don ya sami shaida kafin ya mayar musu da tsiyarsu.

Ta zo bayan ta tashi daga aiki. Ta leƙa madubin, ta daɗe tana leƙawa. Sannan ta zauna a teburin harbi, ta karɓi harsasansa, ta harba su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Suka taka tare zuwa allon. Elof ya tsaya yana karkata kai yana neman ramukan, sai ta kama hannunsa ta ɗora yatsarsa a wurin. Duk sun shige ta ƙofa ɗaya, ramin bai fi kan babban yatsa ba.

"Ban taɓa harba harsashi mai kyan wannan ba, Baffa Elof," in ji ta. "Madubin ma lafiyarsa ƙalau."

Rabonta da ce masa Baffa tun tana 'yar makaranta. Shekaru yana jiran wani ya yabi ɗurinsa haka, ga shi an yaba, kuma yabon ya kashe shi a tsaye. Ya rufe idon dama ya dubi fuskarta, ya rufe na hagu ya sake duba. Tabon yana kan fuskarta duk biyun.

A hanyar komawa mota ta ce masa ba wanda zai ji daga bakinta. Za ta ce ya sake gwaji a gabanta ya ci. Za ta ba shi mazaunin Ƙarshen Fadama, can inda gwanki ya yi shekara da shekaru bai bi ba, ya zauna ya sha gahawarsa, da rana a haɗu a bakin wuta kamar kullum. Ya kamata ya ƙi. Shi ya kawo dokar, kuma ya san abin da zai ce da wani ne aka yi wa wannan alfarma. Amma ya tuna tsawon hunturu da shirun gidan, sai ya ji ba zai iya ba. Ya gyaɗa kai, kunya kamar ta nutsar da shi.

Abu ɗaya ya hana shi sukuni. Östen yana bin kare a ƙafa cikin daji, kuma a bakin fadama, a idon Elof na yanzu, Östen da gwanki duk duhu ɗaya ne mai motsi. Ya san yatsarsa, ta yi shekara hamsin tana aikinta, ba lallai ta tsaya neman izini ba. Saboda haka ana jibi farauta ya sauka ɗakin ƙasa ya zaɓi kwansonsa mafi kyau, ya goge su suna ƙyalli, ya bar musu matacciyar ƙwayar wuta a gindi, ya ɗora musu kai ba tare da ya zuba ko ƙwayar albarushi ba. Wanda ya gan su a ɗamararsa ba zai ce komai ba. Shi ne ɗuri mafi sauƙi da ya taɓa yi.

Ranar farko ta yi daɗi, kada a rage mata. Majvor ta biyo ta ɗauke shi. Östen ya ga madubi a bindigarsa ya riƙe baki, ya tambaye shi wane tauraro ya gano, aka kwashe da dariya, Elof ya ce ya gano wanda aka haifi Östen a ƙarƙashinsa, kuma ba shi da haske. Ya zauna a kan wani kututture a Ƙarshen Fadama har rana ta take, ba abin da ya gifta sai hankaki. Da rana ya ci tsire a bakin wuta, kafaɗarsa na gogar ta wani. Ya ce a ransa in haka ne zai iya shekara goma yana yi.

Kashegari iska ta juya. Tun da hantsi ya ji haushin karen Östen can nesa, sannan ya ji yana matsowa. Oba-obar da ke rataye a ƙirjinsa ta yi ƙara, muryar Östen ta fito yana haki.

"Elof, tsoho mai ran ƙarfe, tashi tsaye. Babban namiji ne, ya miƙo wajenka kai tsaye. Kowa ya bar masa, na Elof ne."

Ya miƙe. Ya ji rassa na karyewa, ya ji ƙafafu na tsotsar laka, ya ji numfashi mai nauyi, har warin dabbar ya iso hancinsa. Bindiga ta hau kafaɗarsa da kanta. A cikin madubi ba komai sai tabon nan, da wani baƙin abu mai girma yana shiga ta gefensa ɗaya yana fita ta ɗayan. Ya cire yatsarsa daga kunamar bindigar. Gwankin ya ratsa fadama a gabansa ba ko sauri, kusa ƙwarai, har yaro ma ba zai kuskure shi ba. Karen ya wuce a bayansa.

Daji ya yi tsit, duk mazaunan suna jiran ƙarar da ba ta zo ba. Can Östen ya sake magana, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Me ya faru? Harsashin ne ya ƙi tashi? Faɗi gaskiya, ba komai, yana faruwa ga kowa."

Ƙofa ce ya buɗe masa, Elof ya gane. In ya ce e, za a yi masa tsiya a bakin wuta yau da gobe, a ce ɗurin gida ya ba da kunya, a saya masa kwalin harsashin kanti don tsokana, baɗi kuma kututturensa na nan. Majvor ita ma jira take yi. Ya tsaya da oba-oba a hannu yana jin kowa na saurare, mutanensa duka, iyakar waɗanda suka rage masa. Ya nemi bakinsa ya ce e, bakin ya ƙi.

"Harsashina bai taɓa ƙin tashi ba," ya ce. "Ni ne ban gan shi ba. Ba na gani, Östen."

Wani ya danna tasa oba-obar kamar zai yi magana, ya sake ta. Sai daga baya Majvor ta ce ya zauna inda yake, in an gama korar gwankin za ta zo ta ɗauke shi.

Ya koma kan kututturen ya kwantar da bindigar a cinyarsa. Haushin karen ya yi ta nisa, ya nufi wajen tudu inda sauran suke. Da aka jima ya ji harbi ɗaya daga can, sannan muryoyi suka cika oba-oba, ana taya wani murna, ana neman igiya da masu ja. Elof ya saurara kaɗan, sannan ya rage mata murya.