Ragon Liman da Idon Abdulgaffar

Kakan Abdulgaffar ya baro Katsina da ƙafa da niyyar Makka. Da ya iso bakin kogin Shari, sai ya ce zai ɗan huta ya yi shawarar hanyar da zai bi. Yana cikin shawarar ya yi aure, ya tara iyali, aka binne shi a nan. Jikansa, mahauci a unguwar Marjandafak ta Injamena, ya rantse ba zai gaji wannan nawa ba, sai ya faɗa cikin gaggawa, wadda ta fi ta muni.

A shekarun casa'in gwani ne na gaskiya wajen zaɓen dabba. In aka tsayar masa da rago, ido ya duba tafiya da haƙora, hannu ya matsa gadon baya da gindin wutsiya, hanci ya shinshina numfashi. Waɗannan shaidu ne, kowa da abin da ya kawo. Ƙwaƙwalwa kuwa alƙali ce, tana tara maganarsu kaɗan-kaɗan har gefe ɗaya ya rinjaya, sannan baki ya furta hukunci. Nasa hukuncin kalma ɗaya ce ta Larabcin gari: "Kalas!" Wato magana ta ƙare. Da wannan ya zama mai zaɓa wa Liman Abdussamad ragon layya kowace shekara, kuma ba shi da abin tinƙaho a duniya da ya wuce wannan.

Yabo ne ya ɓata alƙalin. Mutane ba su taɓa yabon binciken ba, saurin suke yabo, shi kuma ya yi ta rage sauraron shaidu don ya ƙara musu abin da suke so. Daga baya yanar ido ta rufe masa idon hagu. Ƙwaƙwalwa ba ta son giɓi: in shaida ya yi shiru, sai ta cike gurbinsa da abin da ta saba, ta kuma rantse gani ta yi.

Matarsa Safara'u ta ce, "Malam, yau ma a tabarma ka zuba shayin, kofin yana gefe yana kallonka. Mu je likita mana."

Ya ce, "Kofin ne kika kawar."

Jajibirin wata Babbar Salla ya je kasuwar dabbobi ta Digel tare da Lawal, abokin sana'arsa kuma abokin tsokanarsa. Wani makiyayi ya tsayar musu da farin rago a kaikaice, wuya kamar turmi, ƙaho ya naɗe. Tun daga nesa alƙali ya yanke hukunci. Hannu ya shafa baya don cika al'ada kawai.

Lawal ya ce, "Sarkin gwanaye, leƙa fuskar mana."

To, leƙa fuska yana bukatar ya karkata kai ya kawo idon dama kusa, karkata kai kuwa a gaban 'yan kasuwa tonon asiri ne. Ya ce, "Ni za ka koya wa rago? Kalas!"

Aka kai rago gidan Liman. Babu wanda ya sake dubawa, domin unguwar ma ta daɗe da jingine nata idon ga bakin Abdulgaffar.

Da aka sauko daga Idi, magidanta suka taru da wuƙaƙe a wase, tunda babu mai yanka kafin Liman ya yanka. Lawal ya kayar da ragon, ya juya kansa alƙibla, sai ga ido ɗaya fari fat, matacce. Liman ya duƙa, ya daɗe yana kallo, ya mayar da wuƙa kube.

"Mai ido ɗaya ba ya layya," in ji shi.

Lawal ya ce, "Allah gafarta Malam, kada a ga laifinsa. Zumunci ya yi, ɗan'uwansa ya gani."

Abdulgaffar ya ce, "Jiya lafiyarsa ƙalau! Hassada ce ta kama shi da dare."

Unguwa ta tsaya cikin rana har aka nemo wani ragon, mata suna ta aiko tambayar ina hanta. Shekarar da ta biyo, Liman da kansa ya je Digel.

Abdulgaffar bai je likita ba har yau. Yana nan a bencinsa bakin rumfa, yana jiran a zo neman hukunci. Masu sayen rago kuwa sun gano dabara: ta hagunsa suke wucewa da dabbarsu. Shi kuma yana gaya wa Safara'u cewa mutanen yanzu sun daina layya.