Malam Inuwa da lambar da ba ta rabuwa

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka binne Malam Inuwa a ƙauyenmu, gabas da Bici. Aminina ne, tare muka koyar a sakandare, shi lissafi ni tarihi. Ban so yin rubutun nan ba, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni shiru.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar bakwai da sha uku. Su ne Malam Inuwa ya ƙallafa wa rai. Wata shekara ya rubuta 524,287 a allo, ya ce da 'yan aji biyar, "Ku jera biyu sau goma sha tara ku ninka, ku cire ɗaya, ita za ku samu. An ce ba ta rabuwa. Kada ku yarda sai kun gwada." Ya nuna musu dalilin da ya sa gwajin ba sai ya wuce 724 ba, ya raba musu aikin. Zango guda suka yi, 'yan matan da ba sa buɗe baki a aji har gardama suke.

Shugaban makarantarmu, wanda ko jimlar makin ɗalibai sai an yi masa, ya rubuta takarda cewa Inuwa ya taɓu, yana ɓata wa yara lokaci. Aka cilla shi wata makaranta can bayan Shanono. Kullum a kan babur, ruwa da rana, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da ya rasu, shugaban nan ko gaisuwar mutuwa bai zo ba.

To, shi ne makon jiya ya miƙe a taron tsofaffin ɗalibai, cikin babbar riga, yana neman kujerar siyasa. Wai shi ya fara gano baiwar marigayi! Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, wace lamba ce ma ya ba yaran?" Ya gyara hula, ya yi tari, ya ce, "Ai Malam, lamba ce babba ƙwarai." Aka tafa masa. Masu tafin sun fi ba ni haushi.

Da Inuwa na nan, ba na jin zai kula su. Wayar hannu zai karɓa, ya saka mata lambar, ya ga ta ba da amsa nan take, ya ce, "Madalla. To ta yaya ta sani?"

Littattafansa gara ta cinye, sunansa kuma ya zama abin neman ƙuri'a. Amma a bakin ƙofa wata ɗalibarsa, Hajara, da ke koyarwa yanzu a Minjibir, ta tare ni. Ta ce, "Baba, ni aka ba daga 601 zuwa 650. Na yi kuskure sau biyu, bai taɓa yi mini tsawa ba. Bana na rubuta wa ajina lambar a allo."

Allah ya jiƙan Inuwa. Su kuwa, su ci gaba da tafi.