Matar da ba ta waiwayo ba

Shekara tara ina share gidan wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, a Amurka, kowace Talata. Aikina a jere yake, ba na canza shi: kicin da farko, sai banɗaki, sai ɗakunan sama, falo a ƙarshe. A falon nake sallar azahar, kuma a nan wani zane yake rataye, daidai alƙibla.

Sama ta cinye kusan dukan zanen. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ga bishiya guda da iska ta lanƙwasa, ga kwari cike da hazo. Can ƙasa mace ce tsaye, ba ta fi yatsa ba, ta juya baya. Ni ba na sallah da hoton mai rai a gabana. Nakan sauke shi, in kifa shi a jikin bango, in idar, in mayar.

Ni 'yar fari ce. A ƙauyenmu, kusa da Maradi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Inna ta fi kowa riƙe wannan kunya. Ranar da zan taho Amurka wurin mijina, dangi suka raka ni bakin hanya. Ita kuwa ta tsaya a gefen gonar gero, ta ba motar baya. Damina ce, hadari ya taso daga gabas. Na yi ta kallonta ta gilashi har muka sha kwana, ba ta waiwayo ba. Bayan shekara huɗu ta rasu, ban samu zuwa ba, kuma ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba. In na rufe ido na nemi fuskarta, ƙeya da ɗankwali kawai nake gani. Na yanke a raina cewa tafiyata ba ta dame ta ba, na zauna a kan haka.

Wata Talata na manta ban mayar da zanen ba. Tsohuwar ta shigo tana dogara sanda, ta gan shi a kife.

"Me matar zanen nan ta yi miki kika hore ta?" in ji ta, tana dariya. "Kin sa ta kallon bango kamar 'yar makaranta."

"Sallah na yi, Madam. Ita ma ba za ta damu ba, dama ba ta kallon kowa."

"Ashe ba kya sonta."

"Ba na son mai ɓoye fuska."

Ta sa na rataye shi, ta zauna. Ta ce masu zanen wancan zamani a Turai, wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, ba a fuska suke zuba abin da ke zuciyar mutum ba. A sama suke zuba shi, da duwatsu, da ruwa.

"Kina son sanin halin da take ciki?" ta ce. "Dubi abin da take duba."

Na duba. Shekara tara ina goge wannan hadari da tsumma, daga hagu zuwa dama, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Sai wata magana ta faɗo mini, wadda ƙanwata ta yi a waya tun satin da na iso. Ta ce ruwan ranar da na taho ya lalata shanyar kuɓewar Inna, ita kuma ta dawo gida a jiƙe sharkaf, har mura ta kwantar da ita. A lokacin labari kawai na ɗauke shi. Amma Inna mace ce da ko yayyafi bai taɓa riskar shanyarta ba. Ranar ta ga hadari da idonta, ba ta motsa ba.

Ban gama falon ba, karo na farko.

Da sanyin bana 'ya'yan tsohuwar suka mai da ita gidan kula da tsofaffi, ta ce a ba ni zanen. Maigidana ya dube shi ya ce, "Wannan ko gaisuwa ba za ta amsa ba, ina za ki kai ta?" Na rataye shi a hanyar shiga ɗaki, inda ba alƙibla ba.

Fuskar Inna ba ta dawo mini ba har yau. Kowace Talata nakan goge zanen: katakon gefe da farko, sai bishiyar, sai bayan matar, sama a ƙarshe. In na zo wucewa nakan rage sauri kaɗan, ko za ta juyo. Ba na kiranta. Ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba.