Kwanar da Hanya Ta Yi wa Murhun Yaya Asabe

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun amsa mini ba. Labarin yayata ne, Yaya Asabe mai dambu, wadda manyan cikinku suka riska tana dogara sanda tana yi wa kowa faɗa.

Kun san maganarta. Ko wa ya zo gabanta, ko da me ya zo, abin da take fara ce masa shi ne, "Zauna tukuna." Ba ta jin maganar mutum yana tsaye, ba ta kuma miƙa wa na tsaye abinci. Ran nan maƙwabcinmu ya sheƙo a guje ya ce, "Asabe, dangar gidanki ta kama wuta." Ta ce, "Zauna tukuna." Bawan Allah ya zauna, ya sake faɗa. Ta ce, "To, yanzu na ji. Tashi ka je ka kashe, ni ina da mutane."

Tun da mijinta ya rasu ta kafa murhu a gindin tsamiyar nan ta bakin Limawa. Duwatsu uku da madambaci, shi ke nan shagonta. Ni kuma ina gefe da tulun kununa, da goyon babanku a baya. Rana na take tsaka take buɗe dambu, na gero da rama, ga ƙuli-ƙuli, ga yaji mai tayar da marar lafiya. Masaƙa, marina, masu jakuna, kowa can yake cin na rana.

Sai dai ba kai ke faɗin yawan da za ka ci ba. Hannu za ka shimfiɗa mata. In ta ga kanta da faso, ludayi uku. In ta ga tafi sumul, ludayi ɗaya, ko da jakar kuɗi ka zo.

A shekarun da Nasara suka fara fasa hanyar mota, aka taro leburori daga Miga da Taura har da ƙauyukan bayan dutse. Duk wajen Yaya suke ci. Shugaban aikin wani Bature ne da muke kira Mai Igiya, don kullum yana jan igiya yana kafa turaku. Yana da tafinta, Malam Garba, mai farar riga. Ranar da Malam Garba ya fara zuwa, Yaya ta duba tafinsa ta zuba ɗaya.

Ya ce, "Iya, ni ne fa bakin Bature."

Ta ce, "To, baki ne ya yi aikin, ga rabon baki. Ran da hannu ya yi, ya zo ya karɓi nasa."

Leburori suka yi ta dariya har da masu ƙwarewa. Malam Garba ya haɗiye dambu, amma bai haɗiye maganar ba.

Ba a jima ba muka fito da safe muka tarar da turke a tsakiyar murhu, daidai tsakanin duwatsun uku. Malam Garba ya zo ya ce hanya ta nan za ta bi, a kwashe tukwane, tsamiya ma sarewa za a yi. Wurin nan kuwa shi ne abincin gidaje biyu, nata da nawa. Yaya ta dubi turken ta ce, "Busasshe ne kuwa." Ta hura wuta da shi. Washegari aka kafa wani, shi ma ya dafa dambu. Na uku aka zo da dogari ya buga shi har wuya, ya tsaya a kansa.

Na ce, "Yaya, mu je mu yi kuka a fada."

Ta ce, "Zauna tukuna." Na zauna. Ta ce, "Murhun suke so, mu bar musu. Mu ga ko turke na ƙosar da mutum."

Kwana uku ba ta ɗora tukunya ba. Rana na yin tsaka sai leburori su watsu cikin gari neman abin sawa a baki, ba sa haɗuwa sai bayan la'asar, wasu ma sai gobe. Aiki ya kwanta. Rana ta huɗu ta ce mini, "Ɗauko tulunki, yau za a zo." Ta yi dambu a gida, muka kai gindin tsamiya. Ƙamshi ya kirawo leburori, suka zazzauna. Sai ga Mai Igiya a kan doki, fuska ja wur, yana ta zuba magana.

Yaya ta ce wa Malam Garba, "Gaya masa ya zauna tukuna."

Malam Garba ya ce, "Iya, ki rufa mini asiri."

Ba ta jira shi ba. Ta kifa turmi, ta nuna wa Bature da ludayi. Ya dubi mutum sun fi arba'in a zaune, shi kaɗai a sama. Ya sauko ya zauna. Ta kama hannunsa ta juya, ta girgiza kai, ta zuba ɗaya.

Ya ci. Yaji ya kama shi, hawaye na zuba, hanci na zuba, amma bai ajiye ƙoƙon ba sai da ya suɗe. Ya miƙo a ƙara. Yaya ta rufe madambaci.

Ya tambayi tafinta dalili. Wannan karon ba wurin ɓoyewa, Malam Garba ya sunkuyar da kai ya fassara masa dokar hannu, ya kuma gaya masa abin da ya watsa leburori. Bature ya ajiye ƙoƙon. Ya dubi tafinsa, ya dubi turke, ya dubi tsamiya. Sai ya tashi ya tuɓe hula, ya rungumi turken nan da dogari ya buga har wuya, ya yi ta jijjiga yana nishi har ya fito. Ya ɗauke shi ya yi gabas da shi taku talatin, ya karɓi guduma ya kafa da kansa. Ya dawo jiƙe da gumi, ya zauna ba a ce masa ba, ya shimfiɗa hannu. Tafin duk ya yi bororo, ɗaya ma ya fashe.

Yaya ta duba da kyau, ta ce, "Biyu. Na uku sai ya yi kanta."

Ranar leburori sun yi shewa har aka ji a kan dutse. Kwanar nan da kuke gani hanya ta yi a bakin Limawa, wadda direbobi ke zagi, ba dutse ta kauce wa ba, murhun yayata ta kauce wa.

Mai Igiya ya yi gaba da hanyarsa, amma kafin ya tafi sai da ya kai ga ludayi uku. Malam Garba ya bar tafinta ya koma noma a Taura, ya dawo bayan damina biyu ya shimfiɗa hannu, ta zuba masa uku. Dogarin ya auri ƙanwar maƙwabcinmu, wanda ya kawo labarin gobarar danga. Ni ga ni, na tsufa ina ba ku labari.

Yaya kuwa, ranar da ciwo ya kwantar da ita, na shiga ina kuka a tsaye a kanta. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Zauna tukuna." Na zauna, na riƙe hannunta, duk kanta, duk ƙunar murhu. A haka ta cika.

Ya Allah, Ka duba tafin nan nata. Ta ciyar da masu gumi, Ka zaunar da ita a inuwa, Ka cika mata ƙoƙonta. Amin.